Bindigar Baba Bayan Gyara

Shekarar da bindigar Baba ta rikice, ina Tambuwal ina ɗinki a wata 'yar rumfa kusa da kasuwa, shi kuma yana ƙauyenmu can gefen Kebbe, inda ya ƙi tashi duk yadda muka yi da shi. Maharbi ne tun kafin a haife ni. Ba ya cikin maharban da ake yi wa kiɗa da kirari. Shi dai mutumin da ake zuwa a yi wa sallama ne idan gyado, aladen daji, ya shiga rogo, ko birai sun gano masara ta nuna. Sai ya je ya tsare, ya yi harbi ɗaya, mai gona ya samu barci har kaka. Lokacin daji bai lalace kamar yanzu ba, mutum yana iya saɓa bindigarsa ta gargajiya ya ratsa tsakiyar gari ba wanda zai waiwaya.

Bindigar irin wadda ake ɗurawa ta baki ce, doguwa, baƙa wuluk, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Bututunta yana kwance a cikin ƙota, an ɗaure su da naɗin fata wuri biyu, ga layu uku a maƙale ƙarƙashin naɗin. Fatar nan ta sha man shanu da gumin hannu har ta daskare, in ka ƙwanƙwasa ta sai ka ce itace. Man shanun ne ma ya ja mata. Da bazara ɓeraye suka gano ta a rataye suka ci rabin naɗin gaba, da Baba ya sauko da ita kuma ya ga ƙotar ta tsage wajen wuya. Sai ya naɗe ta a tsumma ya kai ta Kebbe wurin wani tsohon maƙeri da aka yi musu kaciya tare, wanda in sun haɗu ba ka jin komai sai zagin juna da dariya.

Maƙerin ya yi aiki tsakaninsa da Allah, wannan ban taɓa shakka ba. Ya warware ta gaba ɗaya, ya goge cikin bututun har ya yi ƙyalli, ya haɗe tsagar ƙotar, ya sa sabon ɗan ƙurjin tagulla a kan hanci, wanda ake saiti da shi, domin tsohon ya cinye. Ya jiƙa sabuwar fatar akuya ya naɗe, ya mayar da layun, ya bar ta ta bushe. Ranar da aka dawo da ita gida har maƙwabta sai da suka leƙo. Bindiga ta yi kyau, sai dai ta daina faɗawa inda aka nuna mata.

Gwaggo ce ta sanar da ni, ƙanwar Baba, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarmu. Ta hau tudun bayan gida inda ake samun sabis ta kira ni ina tsakiyar yanka wata shadda. Ta ce Baba ya kuskure gyado a tazarar da ko da hoge aka jefe shi za a same shi. Ya koma ya sake kuskurewa. Yanzu tuwo sai ya taɓa ya ture, ya zauna da bindiga a cinya yana juya ta.

"Ka zo ka gani da ijiyarka," in ji ta, "amma kak ka ce ni nak kira ka."

Ni ne ɗan fari, Baba kuwa yana cikin tsofaffin da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Bai taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "wancan" ne ni, da na koyi ɗinki na samu ƙarin girma na koma "tela". In yana da magana da ni sai ya gaya wa Gwaggo, ko da gwiwarmu na gugar juna, in Gwaggo ba ta kusa ya gaya wa bango. Na saba, ban taɓa ɗaukar abin a matsayin rashin so ba. Amma duk wanda ya taɓa gyaran wani abu tare da mutumin da ba ya yi masa magana kai tsaye zai san irin ruwan da na shiga.

Na hau mashin na sha gargadar hanyar Kebbe, ga damina ta sauka, wasu wuraren sai an sauka an tura. Da na isa na ce gaisuwa ce ta kawo ni. Baba ya gaya wa Gwaggo cewa tela ya iya zaɓen lokacin gaisuwa, sannan ya ce tunda an zo, a ɗauko tsohon ƙyauren rumbu.

Sai da muka biya muka gaya wa mai gari za a ji harbi, kada mutane su firgita. A bayan gari akwai wani ƙaton suri, nan muka jingine ƙyauren, muka kafa tsohon farantin ƙarfe a tsakiyarsa da ƙusa. In an samu farantin zai yi ƙara, in an kuskure ƙyauren zai nuna inda dalmar ta shiga. Ni kuma da allin ɗinkina a aljihu, duk ramin da aka yi in zagaye shi don kada mu rikita tsoho da sabo. Baba ya ɗura, ya durƙusa kan gwiwa ɗaya yadda ya saba, ya harba. Hayaƙi ya washe, faranti shiru. Dalmar ta shiga hagu, kusan kamu guda.

Raina ya yi sanyi da na ga haka. Na ce a zuciyata ai wannan mai sauƙi ce, in hagu take ja sai a gyara ƙurjin ko shi ya riƙa karkatawa dama kaɗan. Ya sake ɗurawa ya harba, ta faɗi ƙasa da farantin, tsakiya sosai amma ƙasa. Ta uku ta koma hagu, ta kuma hau sama. Na tsaya da alli a hannu ina kallon ramuka uku da ba abin da ya haɗa su. Baba ya shinshina bakin bindigar ya girgiza kai.

Keken ɗinki ma yakan yi haka in an warware shi an mayar. Yau ya tsinka zare ta sama, gobe ya cukurkuɗe ta ƙasa. Abin da maigidana ya koya mini shi ne ka canja abu ɗaya ka gwada, in bai yi ba ka mayar da shi yadda yake kafin ka taɓa na biyu. Na bayyana wa Gwaggo wannan dalla-dalla, da ƙarfi, don mai bindiga ya ji. Ya ji kuwa. Na koma Tambuwal, da na dawo ranar kasuwar da ta biyo baya na tarar shi da maƙerin sun goge ƙurjin da zarto, sun shanya albarushi a rana don wai ya yi sanyi, sun narkar da dalma sun sake zuba sababbin harsasai, duk a yini ɗaya. Na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Muka fita suri, bindiga ta bar hagu ta koma dama, kuma ba wanda zai iya cewa wanne daga cikin ukun ne ya mayar da ita can.

Daga nan aka shiga maganar layu. Baba ya lura ba a mayar da su yadda suke ba, ya ce ƙaramar ce ke gaba wajen hanci, yanzu kuma babbar ce a can. Maƙerin ya rantse yadda ya ciro su haka ya mayar. Ina zaune a bakin maƙera a Kebbe suna ta yi.

"Ƙaramar ita ag gaba," in ji Baba. "Tun kana koyon zuga nika riƙon bindigar ga."

"To mi yah hana ka tsaya ka gani sadda nika naɗi? Kana can tasha kana cin tsire da haƙoran da ba ka da su."

Aka warware naɗin gaba, aka sauya wa layu wuri, aka sake naɗewa da wata sabuwar fatar. Ni ban san abin da ke cikin layun ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na gani shi ne babbar ta fi ƙaramar kauri, kuma duk wadda ke ƙarƙashin bututu a gaba tana ɗan ɗaga shi. Don haka ko ta wajen asiri aka bi ko ta wajen awo, maganar Baba tana da kai, kuma na sa rai sosai. Muka gwada. Harbin farko ya shafi gefen farantin har ya yi 'yar ƙara, muka kalli juna ni da maƙerin. Na biyu ya tafi sama can, kusa da bakin ƙyauren.

Gwaggo tana da nata bayanin. Ta ce a maƙera mutane ke shiga da fita, wa ya sani ko wani ya tsallake bindigar tana kwance. Ta haɗa wasu saiwoyi a kasko, Baba ya riƙe bindigar a kan hayaƙin yana kau da kai yana tari. Ban hana ba. A lokacin da wani zai ce mini a yi mata wanka da madara, ni zan je rugar Fulani in sayo.

Ni ma daga baya na samu nawa bayanin, kuma na yi alfahari da shi. Ina kallon ramukan da na zagaye, sai na ga kamar waɗanda aka harba da safe sun fi yin ƙasa, na bayan azahar kuma sun fi yin sama. Na roƙi Gwaggo ta roƙi Baba ya bar ni in taɓa naɗin da sassafe. Na danna babban yatsa na ji fatar tana ɗan lotsawa. Da rana ta take na sake dannawa na ji ta ɗaure tam. Sabuwar fata ce, ga damina, tana shan raɓa ta saki, ta sha rana ta tsuke, bututu kuma yana motsi a tsakani. Tsohon naɗin da ɓeraye suka ci ya daɗe da daina wannan. Maƙerin ya saurare ni ya ce tela ya yi magana. Ya sa fatar bijimi mai kauri, ya rataye bindigar a saman maƙera kwana da kwanaki tana shan zafi har ta ƙame.

Ranar gwaji na zo har da goro a aljihu don murna. Harbi biyu na farko suka faɗa kusa da juna, taƙi guda daga farantin. Wannan shi ake nema, bindiga ta riƙa faɗawa wuri ɗaya, sauran gyara ne kawai. Maƙerin har ya fara zolayar Baba cewa ɗansa ya fi shi sanin bindiga. Na uku ya tafi can kusurwar ƙasa ta dama, inda ba a taɓa samun rami ba. Na zauna a kan ciyawa na riƙe kai. Ban san ko fatar ce ba ta gama ƙamewa ba, ko tun farko ba fatar ba ce, ko kuma ita ce da wani abin daban a tare.

Akwai wani abin daban, kuma dukanmu mun san shi, ba dai mai furtawa. Idon Baba. Na fara sa masa ido a ɓoye, abin da na gani kuwa ya ƙara dagula mini lissafi. Wata safiya muna tafiya suri ya tsaya cak ya nuna da haɓa, sai da na ƙura ido na daɗe kafin na ga zabin daji a gindin wata sabara, can nesa. Na ce alhamdu lillahi, wannan idon ya fi nawa. Muna isa kuma ya ajiye sandar ɗuri a gefen ƙafarsa, da ya tashi ɗauka sai na ga yana laluben ciyawa, hannunsa yana wucewa ta gefenta. Wata rana ya gane saniyar wani Bafulatani daga hayin fadama, ya faɗi mai ita. Washegari Gwaggo ta miƙa masa ludayi ya kai hannu gefe. Tsoro ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da na koma mai leƙen mahaifina kamar wanda ke neman laifinsa.

Na sa Gwaggo ta yi masa maganar asibitin ido a Sakkwato. Ya ce a gyara bindiga tukuna, in ta gyaru ya ci gaba da kuskure, to a kai shi ko ina ne. Na ce ta gaya masa ai ba za a san ta gyaru ba sai an san lafiyar idon. Ya ce ta gaya mini shi ma abin da yake faɗa ke nan, ba za a san lafiyar idon ba sai ta gyaru. Gwaggo ta ce ita ta gaji da kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke zaune kan tabarma ɗaya, ta tashi ta shiga madafa.

Hanyar rabuwa da gardamar a fili take, kowane tela ya san ta. In kana shakkar keke ne ko ƙafarka ce, sai ka tashi wani ya zauna ya taka. Na bi Gwaggo madafa na ce mata me zai hana wani ya harba bindigar sau ɗaya, maƙerin ko wani daga cikin maharban ƙauyen gaba. Ta ajiye muciya ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce ashe zaman Tambuwal ya mantar da ni gidanmu. A wurin maharban gidanmu bindiga kafaɗa ɗaya gare ta. Ana iya ɗaukar maka ita, ana iya gyara ta, amma ranar da mai ita ya ɗura ya miƙa wa wani ya harba, ta bar hannunsa ke nan, ba ta dawowa. Haka kakanmu ya ba Baba, ya ɗura ya miƙa masa a bakin fadama, daga ranar bai ƙara harbi ba har ya rasu. Shi ya sa maƙerin duk ƙwarewarsa bai taɓa gwada ta ba, sai dai ya gyara ya kawo.

Na kwana biyu ina juya maganar, sai dabara ta zo mini, na kuma ɗauka na gama da su duka. Na ce a ɗaure bindigar a jikin kututture, a saita ta, a ɗaura zare a kunama a ja daga nesa. Ba kafaɗar kowa. Gwaggo ta kai saƙon. Har na ɗauka Baba ya yarda, sai ya ce wa bango:

"A tambayi tela, ijiyar wa za ta saita ta? In tawa ta, muna nan inda muke. In tashi ta, shi yah harba. Kuma bindigata ba akuya ba ta da za a ɗaure ga turke."

Daga nan na bar maganar kututture.

Ana cikin haka damina ta yi nisa, rogo ya yi ƙwari, gyado kuwa bai san ana gyaran bindiga ba. Mutane suka fara zuwa ƙauyen gaba wurin wani maharbi da bai kai ni shekaru ba. Ba wanda ya yi wa Baba rashin kunya. Abin da ya fi ciwo ma shi ne ladabin. Wani maƙwabcinmu da Baba ya tsare wa gona tun zamanin mahaifinsa ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi jiki, ya tambayi ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye bai ambaci gyado ba, ya tashi ya bi hanyar ƙauyen gaba. Washegari da hantsi muna shan kunu muka ji harbi ɗaya daga wajen gonarsa. Baba ya tsaya da ludayi a hannu yana jiran na biyu, ba a yi na biyun ba. Ya ajiye kunun. Na tausaya masa, ni ma na ture nawa.

Bayan an yanke gero, dawa na tsaye, na sake zuwa. Zuwa lokacin ƙyauren ya cika da zagayen alli, na daina ma ƙoƙarin karanta shi. Maƙerin ya biyo mu, ya ce ya sake duba komai, ba abin da ya rage bai taɓa ba sai sunan bindigar. Baba ya ɗura ya durƙusa ya harba. Faranti shiru. Na nufi ƙyauren da allina, ya ce wa maƙerin a bar shi, ba sai an duba ba.

Ya sake ɗurawa a hankali, ya daɗe yana danna sandar fiye da yadda ya saba. Ya miƙe tsaye da bindigar a hannu yana kallon suri. Na ɗauka numfashi yake mayarwa. Sai ya miƙo ta gefe, wajen da nake, bai juyo ba.

Na ja da baya. Maƙerin ya daina murmushi ya ce masa, "Kai, ka san abin da kaka yi?"

"Na gaji da zarginka," in ji Baba. "Na gaji da zargin ɓera da akuya. A amsa, hannuna ya gaji."

Na dubi maƙerin ko zai cece ni, ya sunkuyar da kai. Ni da ban taɓa harba komai ba in ban da danƙo ina yaro. Na so in ce ba na so, na so in ce a bari sai rani fata ta gama bushewa, amma mahaifina yana tsaye da hannu a miƙe, kuma ban taɓa barin hannunsa a miƙe ba. Na karɓa. Ta fi yadda nake zato nauyi. Baba ya gaya wa suri cewa a durƙusa, a danna ƙota a kafaɗa sosai, a ɗora ƙurjin a ƙasan farantin, a ja kunama kamar ana jan zare a lallausan yadi. Na yi abin da na iya. Gaskiya ban san ko idona a buɗe yake ba lokacin da ta tashi.

Ta buge ni a kafaɗa na kusa zama. Kafin hayaƙin ya washe muka ji ƙarar farantin, ƙwal, mai ƙarfi, wadda muka shafe damina muna jira. Ni dai na san abin da ƙarar ta gaya masa.

"To, alhamdu lillahi," in ji Baba. Ya dafa kafaɗar maƙerin. "Aikinka ya yi. Ka yafe min."

Ya kakkaɓe gwiwarsa, ya sa hannu biyu a baya, ya kama hanyar gida. Ya bar jakar albarushi da sandar ɗuri a kan ciyawa.

Da ya ɓace a cikin dawa na ce wa maƙerin ban yarda ba. Mutumin da bai taɓa harbi ba ya rufe ido ya samu faranti, wannan ba shaida ba ce, sa'a ce. Na ce ya ɗura mini. Ya ce ai yanzu tawa ce, in na ce a ɗura sai a ɗura. Na harba, ta tafi hagu. Na sake, ta faɗi ƙasa. Na sake, ko ƙyauren ban samu ba, sai ƙurar suri da ta tashi. Na ce masa ka gani, tana nan yadda take, bindigar ce. Ya ce ko kuma hannun tela ne. Na ce to na farkon fa. Ya ce shi ma na farkon yake tambaya. Ya yi dariya, sai kuma ya juya baya ya daɗe yana share fuska da bakin rigarsa.

Har yanzu in na zauna a kan keke abin yakan dawo mini, in jera zato biyu in sake jerawa. Wataƙila bindigar ta gyaru tun ranar da fatar ta ƙame, idon ne ya tafi, harbina na farko gaskiya ya faɗa, sauran kuma rawar hannuna ce. Wataƙila kuma ba ta taɓa gyaruwa ba, idon Baba ƙalau yake, dalma ɗaya ce ta yi yawonta ta faɗa kan faranti ta raba shi da sana'arsa. Ranar dai ta biyun na zaɓa, na saɓi bindigar na nufi gida da sauri har ina tuntuɓe.

Na tarar da shi a inuwar rumbu a kan buzunsa yana ɓarar gyaɗa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Gwaggo tana tsaye a ƙofar madafa, da gani ta riga ta ji. Na tsaya a tsakar gida na gaya mata komai da ƙarfi, cewa sa'a ce kawai, na sake harbawa ban samu komai ba, bindiga tana nan tana yawo hagu da dama kamar yadda take yi masa, maƙerin ma shaida ne. Na ce ta gaya masa harbi ɗaya na wanda bai iya ba bai kamata a ƙirga shi ba. Na ce zan mayar da ita ɗaki in rataye, da rani a sake gwadawa. Ina magana na nufi ƙofar ɗakinsa.

Baba bai ɗago ba. Ya ɓare gyaɗar da ke hannunsa, ya zuba a ƙwarya, ya ce:

"A gaya ma tela, in bindigatai na karkata, shi kai ta maƙera. Ni ban da bindiga."

Gwaggo ba ta maimaita ba. Na tsaya riƙe da ita a tsakar gidan da aka haife ni, na rasa inda zan jingine ta.